Azumin Fili

Ko bayan na yi ritaya na koma gida, ba na jin zan manta da Talatar da Kechi ta faɗi a gabana a filin Samaru. Ku sababbin ma'aikata da aka ɗauka bana, na san kun riga kun ji labarina. An ce muku ni mafaɗaciya ce, an ce ni ce matar da ke tare 'ya'yan mutane tana tambayarsu kalar fitsarinsu. Gaskiya aka faɗa muku. Ina tambaya, kuma ba zan daina ba. Tunda an ce kowane tsohon ma'aikaci ya rubuta abu ɗaya da aikin nan ya koya masa, to ga nawa, ku karanta ku ga inda na samo wannan hali.

Sunana Talatu, yara suna ce mini Mama Talatu. Ban taɓa shiga aji ba sai da autana ya shiga firamare, sannan na fara zuwa makarantar yaƙi da jahilci da yamma a Dogarawa. Daga nan na yi kwas na taimakon gaggawa, aka ɗauke ni aiki a ƙungiyar wasanninmu a matsayin mai kula da 'yan wasa mata. Ga wanda bai san tsarinmu ba: koci shi ke da horo, shi ke faɗin gudun da za a yi da lokacin da za a yi shi. Sakataren fili shi ke da gini da kaya da makullai. Ni kuwa nawa jikin yarinya ne. In ta gurɗe ni ce, in ta suma ni ce, in al'adarta ta zo ba shiri ni ce. Rabon ruwa ma yana hannuna.

Na yi shekaru a ɗakin wasanni na Sabon Gari tare da 'yan kokawa da masu ƙwallon tebur. A farkon bazarar waccan shekarar aka mayar da ni Samaru wajen masu tsere, saboda wadda ke can ta tafi hutun haihuwa. Ban fi 'yan makonni a wurin ba abin ya faru. Ku riƙe wannan, ni baƙuwa ce a filin. Abin da idona ya gani kawai na sani: ga ofis da banɗakin ma'aikata a cikinsa, wanda nake shiga; ga benci a bakin ƙofa inda maigadi Baba Audu ke zama da samari 'yan ƙwallo; can bayan bencin kuma ga wani ɗan gini mai ƙofa biyu, an zana namiji a ɗaya, mace a ɗaya.

Rabon ruwa yana tafiya ne haka. Kafin in iso da safe, Baba Audu ya riga ya turo jakunkunan fiyawata a baro daga sito ya ajiye a gindin darbejiya. Ni zan zuba su a kula da ƙanƙara. In koci ya busa usur na hutu, kowa ya zo ya karɓa. Maza sukan fasa da haƙori a gabana su shanye su nemi ƙari. 'Yan mata kuwa sukan karɓa da hannu biyu, su ce an gode Mama, su koma can inda suka tara jakunkunansu su juya baya. Na ɗauka kunya ce irin ta 'yan mata, ba sa son a ga suna ɗaga kai suna zuƙar leda a gaban maza.

Kechi, cikakken sunanta Nkechi, iyayenta mutanen Kudu ne, amma a Unguwar Gabas aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Mahaifinta yana sayar da kayan gyaran babur a Sabon Gari. Siririya ce, doguwa, tana gudun mita dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma duk filin an san ba mai kamo ta. A ƙarshen watan za a yi gwajin zaɓen waɗanda za su wakilci jiha. Wanda ya ci gwajin nan hanyar makaranta ta gaba ta buɗe masa. Kechi ta gama sakandare tana zaune a gida, wannan gwajin shi ne duk abin da take jira.

Kocinsu Koci Danladi ne, tsohon ɗan tsere, mutum mai son aikinsa har ya wuce kima. Da ya ji cewa da rana tsaka za a yi gwajin, sai ya ɗauke atisaye daga sanyin safiya ya kai shi hantsi, har zuwa kusan azahar, don jiki ya saba da zafi. Dabarar ba ƙarya ba ce, ana yin ta, amma a hankali ake shiga. Shi a rana ɗaya ya juya. Kuma ba gudu mai sauƙi ba: a yi zagaye da ƙarfi, a huta kaɗan, a sake, a sake, har ƙafa ta fara rawa.

Maza suka jure, har wasu suka ƙara sauri. Mata kuwa gaba ɗayansu suka fara ja da baya, Kechi ta fi kowa. Koci ya riƙa duba agogonsa yana girgiza shi kamar shi ne ya lalace. Ranar Litinin ya same ni a gindin darbejiya.

"Mama Talatu, 'ya'yan nan naki me suke ci ne? Ko samari sun fara hure musu kunne?"

Na ce, "Koci, ranar nan ta yi yawa. Ni da ke zaune a inuwa ma ina jin ta a ƙwaƙwalwata."

"To mazan a wata rana daban suke gudu? Lalaci ne kawai. Ruwa ina ba su hutu su sha, ke kina rabawa. Me ya rage?"

Ya kira Kechi a gabana ya ce mata in gobe ba ta dawo da gudunta na da ba, zai cire sunanta ya sa na wata. Ya ƙara wa matan zagaye a kan na maza, wai maganin lalaci. Na kalli Kechi. Na lura leɓenta ya tsage, na ba ta man kaɗe ta shafa, na miƙa mata ruwa. Ta karɓa ta ce an gode Mama.

Talata ta zo da zafin da ko tsuntsu ba ya kuka. Ba watan azumi ba ne, kada wani ya ɗauka shi ne dalili. Sun yi nisa cikin zagayen, ina tsaye a gefen layi, sai na ga gudun Kechi ya canja. Ta fara fita daga layinta tana komawa, kamar mai bin hanyar da ita kaɗai ke gani. Koci yana ihu, "Ɗaga ƙafa! Ɗaga ƙafa, Kechi!" Ta wuce ta gabana, na kalli fuskarta. Kowa a filin nan rigarsa ta jiƙe sharkaf, ita fuskarta a bushe take kamar an goge da tsumma. Na buɗe baki zan ce a tsayar da ita, sai ta karkace ta nufi tsakiyar ciyawa, ta yi taku kaɗan, ta zube da fuska.

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Da na juyo ta, jikinta ya ƙona mini hannu, wallahi kamar murfin tukunya. Idonta a buɗe amma ba ni take gani ba. Tana magana tana haɗa Hausa da yarensu, tana kirana da sunan da take kiran uwarta, tana cewa in rufe shago ruwa zai sauko. Na leƙa bakinta, harshen ya bushe ya yi fari.

Wani yaro ya rugo da leda zai matsa mata a baki. Na buge hannunsa. Wanda hankalinsa ba ya jikinsa ba a ɗura masa ruwa, zai sarƙe ya tafi huhu. Ku rubuta wannan a zuciyarku. Abin da ake yi shi ne a sauke zafin tun kafin a nemi mota. Muka ɗauke ta zuwa inuwa, na sa 'yan matan suka kewaye mu da zannuwa, na cire mata takalma da rigar sama, na juye mata ruwan kula gaba ɗaya, na cusa ƙanƙara a wuyanta da hammatarta da matsematsinta. Biyu suna fifita da kwali. Koci ya fita titi da takalmi ƙafa ɗaya yana tare keke mai ƙafa uku.

Ruwan kula ya ƙare, jikin bai huce ba. Na ce wa ƙawarta Hauwa'u, wata 'yar Palladan da suke gudu tare, ta miƙo mini jakar Kechi in nemi waya in kira uwarta. Hauwa'u ta tsaya tana kallona. Na daka mata tsawa, ta miƙo. Na zazzage jakar a ƙasa.

Ledojin ruwa ne suka zubo. Duk wanda na ba ta tun safe, ga shi nan, ko ɗaya ba a fasa ba.

Ban samu lokacin yin mamaki ba. Na fasa su ɗaya bayan ɗaya na zuba mata a ka da ƙirji. Amma na ɗaga ido na ga sauran 'yan matan kowace ta ja jakarta ta rungume, na san akwai magana. Na ce, "Duk mai ruwa a jaka ta kawo, yanzu!" Suka kawo. Dukansu. Da ruwan da suka ƙi sha muka sanyaya ta har keken ya shigo.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa hannu biyu. Likitar mace ce, matashiya, ba ta da yawan magana. Ta sa aka saka mata robar fitsari, muka tsaya muna jira. Abin da ya fito ɗan kaɗan ne, kalarsa kamar baƙin shayin da ya kwana. Na haifi 'ya'ya, na yi jinyar tsofaffi, ban taɓa ganin irinsa ya fito daga jikin mutum ba. Likitar ta juyo ta ce, "Mama, yaushe rabon yarinyar nan da ruwa?" Na ce ban sani ba. Ta ce to in je in sano, domin ƙodarta ta taɓu, kuma sai nan da kwanaki za a gane ko za ta farfaɗo da kanta ko sai an kai ga injin wankin ƙoda.

Ta yi mini bayani a tsaye, ni ma zan yi muku yadda na fahimta. Jiki da gumi yake kashe zafinsa, gumi kuma daga ruwan jini yake fitowa. In ba a mayar da ruwan ba, jini ya yi kauri, zuciya ta riƙa bugu da sauri tana aiki biyu, ƙafa ta yi nauyi. Shi ya sa gudun mutum ke raguwa tun kafin ya ji wani ciwo. In aka ƙara masa horo mai tsanani a haka, naman jiki yana farfashewa, dattin ya tafi ƙoda, ƙoda kuma ba ta da ruwan da za ta wanke shi. Wato abin da agogon Koci ke nuna masa makonni ba lalaci ba ne, ƙishirwa ce.

Uwar Kechi ta iso da zanin kasuwa a jikinta, uban yana biye da baƙin mai a hannunsa. Uwar ta riƙe ni tana kuka. "Mama, kullum in ta dawo sai ta tsaya a bakin randa ta sha kofi bayan kofi har in ce ke za ki fashe. Na zaci haka masu gudu suke." Uban bai yi kuka ba. Ya kalli Koci sama da ƙasa ya ce, "Lafiya lau na ba ku ita." Ya shiga ɗakin da aka kwantar da ita.

Na fito baranda na samu Hauwa'u a rakuɓe. Na ja ta gefe inda ba kowa.

"Ke, dube ni. Me ya hana ku shan ruwa?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta.

"Hauwa'u, ƙawarki tana ciki ana maganar wankin ƙoda. In kika yi mini shiru, wallahi har gidanku zan je in tambaye ki a gaban babanki."

Sai ta ce, da murya can ƙasa, "Azumin fili muke yi, Mama."

"Azumin me?"

"Haka muke kiransa. In za mu zo fili ba ma shan komai tun safe, sai mun koma gida."

"Wane malamin ya ba ku wannan? Ko fasto ne? Ke Musulma, ita Kirista, wane azumi ne ya haɗa ku?"

"Ba na addini ba ne." Sannan ta ce, "In mun sha, fitsari zai kama mu. Ina za mu yi?"

Na ce, "Banɗakin da ke bayan benci fa? Mai hoton mace?"

Ta ɗago ta kalle ni kamar ni ce yarinyar. "Mama, tunda na fara zuwa filin nan ban taɓa ganin ƙofar nan a buɗe ba."

Sai maganar ta ɓalle mata. Maza ba ruwansu, nasu a buɗe yake, in ma sun ga dama su juya wa katanga baya. Mace kuwa sai ta ratsa ta gaban benci, gaban samarin nan duka, ta tambayi Baba Audu makulli. Shi kuma kunnensa ya yi nauyi, sai ya ɗaga murya ya ce, "Makullin me? Me za ki yi a ciki?" samari su kwashe da dariya, a ƙarshe ya ce sai Sakatare ya zo. Akwai wata yarinya mai tsallen nesa da abin ya matsa wa wata rana, ta zagaya bayan katanga cikin ciyawa. Wani ya hango ta. Daga ranar suka sa mata suna Famfo. In ta taho tsalle sai su riƙa yin ƙarar zubar ruwa da baki. Ba ta yi wata ɗaya ba ta daina zuwa. Tun daga nan manyan 'yan matan ke koya wa duk sabuwar da ta shigo: ki karɓi ruwa kada a yi miki faɗa, ki sa a jaka, ki sha a mota in kin kusa gida.

"Da muna yi da sassafe ba ya damunmu sosai," in ji ta. "Da aka koma rana ne. Kechi kuma gidansu ya fi nisa, ga cunkoson hanya, shi ya sa ita tun daren jiya take ɗaukar nata. Yau ko koko ba ta sha ba, ta ce so take jikinta ya yi sauƙi kada Koci ya cire ta."

Na jingina da bango. Yara suna gudu da bakin da bai ga ruwa ba, shekara da shekaru, yanzu har a ranar bazarar Zariya, a gaban koci, a gaban ma'aikata, kowa yana kallo, ba wanda ya gani.

Washegari na riga kowa zuwa fili. Sakataren, Malam Tanimu, mutum ne mai tsabta da tsari, ba ya son a taɓa masa kaya. Yana sauka daga babur na tare shi.

"Malam, makullin banɗakin mata."

"Hajiya, ko gaisawa ba za mu yi ba? Ya jikin yarinyar?"

"Jikinta yana hannun Allah. Makulli."

"Ai ga na ofis nan, ki shiga mana."

"Ba fitsari nake ji ba. Wancan nake so a buɗe. In ba ka buɗe ba, akwai taɓarya a gidan da ke tsallaken titi, zan aro."

Ya ga ba wasa a fuskata. Ya kira Baba Audu, muka tafi mu uku, Koci Danladi ya iso ya biyo mu. Samari sun fara taruwa a benci. Baba Audu ya zaro makulli daga aljihu, ba nema ba lalube, kwaɗon ya buɗe sumul kamar wanda ake buɗewa kullum. Ashe kuwa kullum ake buɗe shi.

Ƙofar ta buɗe, na ga jakunkunan fiyawata an jera su tun daga ƙasa har kusan rufi. An shimfiɗa katako a kan ramin, an ɗora kaya a kai. Ga baron Baba Audu a jingine a lungu. Wannan shi ne siton. Ruwan da nake rabawa kowace safiya daga nan yake fitowa.

Na juya na kalli Malam Tanimu.

Shi kuwa da zuciya ɗaya ya fara bayani. "Da a ofis muke ajiyewa, yaran nan 'yan ƙwallo suna ɗiba. Nan ya fi sanyi, ga kwaɗo mai kyau. Kuma na lura matan ba sa amfani da shi. Tunda na sa kayan nan, Hajiya, ko mace ɗaya ba ta taɓa zuwa ofis ta ce mini tana so ba."

Na ce, "Malam Tanimu, kana da 'ya mace?"

"Ina da su."

"Wacce a cikinsu ta taɓa zuwa ofis ta ce wa namiji tana jin fitsari?"

Ban jira amsarsa ba. Na ce, "Ka kulle banɗaki don ka tsare musu ruwa, su kuma sun bar shan ruwa don ka kulle banɗaki. Yarinya tana can da roba a jikinta." Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce innalillahi, ya sake cewa, bai san adadin da ya faɗa ba. Ba mugu ba ne. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

Koci Danladi ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar, babban mutum, ya dafe kai. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Ni kuma ina ƙara musu zagaye. Ina ƙara musu zagaye."

Ban bar kowa ya tafi ba. Na juya wajen benci na ce duk wanda ya taɓa cewa Famfo ya taso. Ba wanda ya motsa. Na ce to ku taso dukanku. Su suka kwashe jakunkunan nan a ka zuwa ofis, su suka ɗaga katakon, su suka ɗebo ruwa aka wanke wurin. Na sa aka ɗauke bencin aka mayar can ɗaya gefen ƙofar shiga, aka kafa zana ta kare hanyar, aka sa sakata ta ciki, aka ajiye buta da bokiti. Kwaɗon kuwa na jefa shi a jakata, yana gidana har yau.

Koci ya mayar da atisaye safiya. Zafin rana ya koma shigar da su cikinsa kaɗan-kaɗan, ranar gudu mai tsanani daban, ranar hutawa daban. Hutun shan ruwa ya zama a da'ira ake yinsa, kowa ya fasa ledarsa a gaban kowa, a kurɓa a hankali, ba a ɗura ciki a cika ba. Ranar da aka yi gumi da yawa ina haɗa musu ruwan gishiri da sukari. Ba a yi makonni da yawa ba gudun 'yan matan ya dawo, har Hauwa'u ta wuce inda take a da. Koci ya kawo agogo ya nuna mini.

Kechi Allah ya taimake ta, ƙodar ta farfaɗo ba a kai ga inji ba. Amma likita ta hana ta gudu na watanni. Gwajin ya zo ya wuce tana kwance a gida. Hauwa'u ce aka zaɓa. Abin da Kechi ta ƙi shan ruwa dominsa, shi ɗin ne ta rasa, kuma ba wanda ya isa ya mayar mata da wannan shekarar.

Ubanta ya rantse ba za ta sake taka filin ba. Na yi ta zarya shagonsa a Sabon Gari, in zauna a kan benci cikin ƙarar masu gyaran babur, ya yi kamar bai gan ni ba. Ran nan ya gaji ya ce, "Mama, me kike so da ni ne?" Na ce so nake ka zo ka ga wani abu da idonka, in bai yi maka ba, ba za ka sake ganina ba. Ya zo ranar wata Asabar. Bai kalli filin gudu ba, bai gaisa da Koci ba. Kai tsaye na kai shi bayan zana. Ya shiga, ya rufe ƙofa, na ji yana gwada sakatar, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe. Ya fito ya ce, "Saboda wannan?" Na ce saboda wannan. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙofar. Sannan ya ce, "Sakatar ba ta da ƙarfi. Zan aiko da wata." Ya aiko kuwa.

Bayan damina Kechi ta dawo. Ta yi ƙiba kaɗan, gudunta ya ragu, Koci ya fara da ita daga tafiya da sassarfa kamar sabuwar shiga. A ranar farko, ana tsakiyar atisaye, maza da mata duk suna fili, 'yan ƙwallo suna gefe suna ɗaure takalma, sai ta tsaya cak ta ɗaga hannu.

"Koci!"

"Mene ne, Kechi? Jiri?"

Da ƙarfi ta faɗa, yadda har Baba Audu sai da ya ji. "A'a. Fitsari zan yi."

Duk filin aka juyo. Na juya na zuba wa 'yan ƙwallon nan ido ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ko murmusa. Koci ya danna agogonsa ya tsayar, ya ce, "Je ki, muna jiranki." Ta ratsa fili tana tafiyarta a hankali, kanta a sama. Kafin ta kai zana, ƙananan yara mata biyu sun fita daga layi sun bi bayanta.

Shekarar da ta biyo ta shiga gwajin, ta zo ta uku, aka ɗauke ta.

Abin da na koya ke nan, ku da za ku karɓi aikin nan daga hannunmu. Agogo yana gaya wa koci cewa gudu ya ragu, amma ba ya gaya masa dalili, kuma dalilin da ya fi saurin zuwa bakin babba shi ne lalaci. Miƙa wa yaro ruwa ba shi ne ya sha ba. Yarinya kuma za ta gwammace ta faɗi a rana da ta buɗe baki ta faɗi abin da take jin kunyarsa, saboda haka in kuka ji an ce ba wadda ta taɓa kawo ƙara, kada hankalinku ya kwanta, nan ne ma za ku tashi tsaye. Duk filin da aka tura ku, kafin ku duba layin gudu, kafin ku gaisa da sakatare, ku je ƙofar da aka zana mace a jiki ku tura ta da hannunku. In ta buɗe, ku shiga ciki ku duba. In ba ta buɗe ba, kada a busa usur ranar.